Ƙasar Zaurena

Shekarar da annoba ta sa aka rufe masallatai, damina ta zo da ruwa mai yawa, zaurena ya kwanta. Allah ya tsare, ba kowa a ciki sai akuya, ita ma da ƙafafunta ta fito. A zauren nan nake karatu da dattawan unguwa bayan la'asar, kamar yadda mahaifina ya yi.

Da rani ya shigo na ƙudura ba zan ƙara gini da ƙasa ba. Kullum ina ganin manyan motocin Malbaza suna wucewa ta garinmu Tsarnawa da siminti, na ce mu ma ai mutane ne. Na kira taubashina, ɗan kawuna, wanda magini ne, na ce ya kwashe mini tarin ƙasar da azarorin daga ƙofar gida.

"Kyauta, Malam?"

"Kyauta. Ku magina dangin gara ne, ba ku ƙin ƙasa."

"Tsohuwar ƙasa ce fa, ta sha ciyawa da makuba tun kakanka. Wata rana za ka neme ta."

A gaban mutane na ce masa, "Ranar da na neme ta, a kaina zan ɗauko ta, ran kasuwa, kana biye da ni." Baki shi ke yanka wuya. Ya kawo amalanken jaki ya kwashe tsaf.

Na je Malbaza na ji kuɗin siminti da ƙarfe, na dawo da sanin aljihuna bai kai ba. Karatu ya koma gindin itacen bedi. Tsuntsaye ba su san darajar littafi ba, dattawa kuma suka fara raguwa ɗaya-ɗaya. Na ga in wata damina ta same mu a haka, karatun da na gada zai watse a hannuna.

Ana nan sai mai gari ya sa sunana cikin waɗanda za a koya wa ginin zamani a Ƙonni, don ina da rubutu. Na yi hamdala, na ce ga hanyar siminti ta buɗe. Mai koyarwar wata injiniya ce, sa'ar 'yata. Tana magana ina bi da ajami.

Ranar farko ta ce gini mai kyau ba ya mutuwa. In ya faɗi, ƙasarsa ta koma tubali, azararsa ta koma rufi. Ta ce ɗakin bulo da kwano tanda ne a bazara. Na ajiye alƙalami.

"Baba, rubuta mana," ta ce. Na rubuta, amma da ƙananan baƙaƙe.

Rana ta uku aka zuba mu a mota za a nuna mana gini abin koyi. Mota ta kama hanyar garinmu, na fara istigfari. Ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar taubashina. Ga sabon ɗaki, sanyi kamar cikin randa. Na ɗaga kai na gane azarorina ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya ta shafa bango. "Baba magini, ina ka samo ƙasa haka?"

"Wani bawan Allah ya ba ni sadaka. Mai ilimi ne ƙwarai."

"Wanda ya zubar da wannan bai san abin da ya yi ba."

"Rubuta, Malam," in ji taubashina.

A bayan ɗakin na hango ragowar ƙasar, tari guda, ya lulluɓe ta da tsoffin buhuna. Mako biyu ina kewaya maganar kafin na same shi yana kwaɓa.

"Ina son ƙasa," na ce.

"Dangin gara sun ƙaru ke nan. Jibi kasuwa."

Alkawari kaya ne, nawa kuwa har da nauyinsa. Ran kasuwa na cire rawani na yi gammo da shi, ya aza mini kwando cike. Na ratsa ta 'yan hatsi da mahauta, yana biye da ni yana gaisawa da kowa a tsanake, har da waɗanda ba su yi masa magana ba. Wata mai fura ta tambaya ko lafiya, ya ce Malam ne ke bitar karatun Ƙonni.

A ƙofar gidana ya sauke mini kwandon da hannunsa, ya kakkaɓe mini kafaɗa.

"Ka fita, Malam, alkawari ya cika. Saura jaki zai kawo."

Sannan ya naɗe ƙafar wando, ya ce in miƙo masa ruwa mu jiƙa ta.