Baturen da Kawu ya jera shekarunsa

Shekarar da aka fara yin zaɓen shugaban ƙasa da jam'iyyu barkatai, a ita Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya sayi bidiyo. Mahauci ne kamar ni. Ya kafa rumfa a bayan gidansa a unguwar Gardole, in mun tashi daga kasuwa bayan la'asar sai mu zauna a benci muna warin kitse, mu kalli abin da fataken shanu suka kawo masa daga Maiduguri.

A cikin kaset-kaset ɗin akwai Turawa biyu da muke so: wani saurayi mai baƙin gashi, da wani dattijo mai furfura. Muryarsu ɗaya, mai kauri, in ɗayansu ya buɗe baki har mai shayi yakan daina kaɗa cokali. Ba ma jin abin da suke faɗa. Kawu ne ke fassara mana, rabi da Hausa rabi da Larabci, shi ma kuma ba ya ji. Ya ce uba ne da ɗansa, muka yarda.

Wani malamin makaranta da ke sayen hanta a wurinmu shi ya warware mana. Ya duba kwalayen ya yi dariya.

"Alhaji, ai mutum ɗaya ne. Kaset ɗin ne ba sa zuwa muku a jere."

"Malam, ka tsaya a allonka. Ni na san ɗa, na san uba."

Malamin ya ce mutumin ɗan ƙasar Wales ne, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, tumaki ko'ina a kan tuddai. A dandali ya fara wasa a gaban jama'a, sai daga baya ya shiga fim. Da Kawu ya ji zancen tumaki sai ya sauko.

"Ashe namu ne," ya ce.

Daga nan ya ɗauki aniyar jera mutumin daga ƙuruciya zuwa tsufa. Yakan tsayar da hoto, ya matsa kusa da talabijin, ya duba haƙora da wuya kamar mai cinikin rago. "Wannan ya girmi wancan da damina uku." Burinsa ya nuna su duka a jere, mako guda cur, unguwa ta ga yadda mutum ke tsufa. Amma malamin ya ce akwai wani kaset na wasan dandali, inda ya fito a tsohon sarki mara takalmi. Kawu ya rantse ba zai fara ba sai ya same shi.

A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Abin da na fara iya karantawa ba tare da yatsa ba shi ne sunan Baturen nan, don ni ake aikawa unguwar Bololo da garin Kusiri na ƙetaren kogi in bi shaguna ina duba kwalaye. Shekaru suka wuce, faifai ya kori kaset, benci ya fara zama wayam.

"Kawu, mu nuna na hannu mana. Mutane na watsewa."

"Kai da gaggawa, ɗan yayata. Ka taɓa sayar da rago babu kai?"

Bayan faɗan da aka yi a cikin gari a dubu biyu da takwas, aka zo rushe gidajen Gardole. Kwanaki kaɗan aka ba mutane. Muna can muna kai mata da yara da katifu Tukra, can bayan gari, a amalanke, sai motar rusau ta iso layinmu. Kawu bai sake maganar Baturen ba har ya rasu, ni kuma ban taɓa ganin sarkin nan mara takalmi ba.

Abin da motar ta murƙushe: rumfa ɗaya, benci shida, talabijin da bidiyo, injin wuta, da kaset goma sha huɗu a jere.