Suna na Biyu a Gindin Sanda

Tun yana saurayi Tsunekichi yake haɗa sandunan kamun kifi na gora a shagonsa da ke bakin kogi. Yakan gasa gorar ta miƙe, ya naɗe kowace gaɓa da zaren siliki, sannan ya ƙona sunansa a gindin sandar. Da tsufa ya sa hannunsa rawa, sai naɗin ya koma wa matarsa Fumie, a ƙuryar ɗaki. Sunan da ke gindin sandar kuwa nasa ne kaɗai.

Wata rana tsohon abokinsa Sakuma ya zo karɓar sandarsa. Ya shafa zaren ya ce, "Kai tsoho, ko da ƙuruciyarka ba ka yi naɗi mai kyau haka ba. Me kake ci ne?"

Fumie ta ajiye musu shayi. Tsunekichi ya ga yadda zare ya yanyanka mata yatsu, ya kasa ɗaga kai.

Can ya sa tsinin ƙarfen da yake ƙona suna da shi a garwashi. "Ajiye sandar tukuna, Sakuma, saura suna ɗaya," in ji shi. "Fumie, zo ki rubuta naki da kanki. Hannuna ba zai iya ba."