Bincike a Rumfar Mahauta

Mun bar Suleja ranar Asabar ana idar da sallar asuba, mu huɗu a mota: ni, da ƙanen marigayi mijina, wanda shi ne waliyyin jikata, da 'yata ta biyu da ke rubuta wannan yadda nake faɗa mata, sai direba, wanda ban ji muryarsa ba sai a shingen 'yan sanda. Zariya muka nufa, bincike. Wani yaro Sa'idu, ɗan haya a Maje mai aiki a Abuja, shi ke neman jikata, malamar Turanci a wata sakandare a Madalla. Ni na raine ta tun rasuwar ubanta, kowa kuma ya san in na ce a'a, magana ta mutu. To, an raɗa wa ƙanen mijina cewa gidan su yaron mahauta ne, tun daga ranar yake hura hanci.

Ta Maje muka bi. Gonakin da na sani da dawa duk sun koma bulo da kwano. A Dikko manyan motoci sun cushe hanya, da ƙyar muka fita. A Tafa muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, amma man da aka soya shi mai kyau ne, wannan na yaba. Na taya doya, da na ji farashi na mayar wa mai ita abarta, na ce ta gaishe da manomin.

Muna komawa mota 'yata ta ciro waya ta ce, "Inna, jikarki ta naɗo miki labari, wai kada hanya ta gundure ki." Na dube ta, ta sunkuyar da kai. Na san shiri ne, amma na ce ta kunna.

Labaran littattafan Turawan Ingila ne na zamanin keken doki, waɗanda take koyar wa yara, ta juyo su da Hausa. Gaskiya mutanen nan sun ba ni mamaki. Ashe su ma suna da asali da rashin asali. Wanda ya gaji ƙasa shi ne mutum. Wanda ubansa ya yi arziki da kanti, ko ya fi kowa dukiya, can ƙarshen tebur ake ajiye shi. Ko shiga ɗakin cin abinci bi da bi ake yi, gwargwadon gidan da ka fito. Yarinya ta so saurayi, sai gwaggonni su zauna da kofin shayi su yi ta auna kakansa.

"Kin ji ko, Yaya?" in ji ƙanen mijina daga gaba. "Har Bature ya san ba a haɗa jini da kowa."

Na ce, "Kai dai ba ka taɓa sauraron magana har ƙarshe ba, tun kana da gashi."

Abin da ya burge ni shi ne idon masu rubutun. Ba sa ce maka wane mutumin kirki ne. Sai su bar ka ka ga wa ya gaisar da ya shigo, wa ya tsallake, yadda muryarsa ke sauyawa in babba ya fita. Haka nake kallon mutane tun ina amarya, ban san akwai masu zama su rubuta shi ba. Sai dai na lura duk labarin da yarinyar nan ta zaɓo, ɗan talaka ne ke cin nasara. Ta tace su tas. Wuri ɗaya kawai bakinta ya suɓuce, ta ambaci irin samarin da suka samu ɗaukaka, in sun hango iyayensu cikin kayan aiki sai su sauya hanya. Ta wuce wurin da sauri. Ni kuwa nan na tsaya. Har muka ratsa Kateri da Kaduna, inda ake gyaran titi motoci na bin hannu ɗaya, wannan nake juyawa.

Hantsi ya yi sosai muka shiga Zariya, garin da kakanninmu suka baro. Lungunan cikin birni matsattsu ne, gaisuwarsu doguwa, ba irin ta Suleja ba da yanzu yaro zai ce maka "gud monin" yana tafiya. Ka'idar bincike ba a sanarwa, kuma ba a fara zuwa gidan. Gefe ake bi, a tambayi wanda ba ruwansa. Ƙanen mijina ya ce mu bar masa, ya iya. Ya ja mu rumfar mahauta a bakin kasuwar unguwar, ya zaɓi wani dattijo mai farin gemu da ke zaune bayan tebur, ya yi kamar mai sayen nama, sannan ya rage murya.

"Malam, ko ka san wani Sa'idu mai aiki a Abuja? Yaya halinsa?"

Dattijon ya kore ƙuda, ya ce, "Na san shi. Yana da taurin kai, in ya kafe sai Allah. Ga saurin fushi in an taɓa ƙannensa. Ƙarya dai ban taɓa kama shi da ita ba. Amma Alhaji, ku ƙara tambaya a gaba, shaidata ba ta karɓuwa. Ni ne ubansa."

'Yata ta toshe baki da mayafi. Ƙanen mijina ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

Ana haka sai ga yaron ya ɓullo ta bayan rumfa, cinyar saniya a kafaɗa, riga duk jini. Wannan da nake gani a ƙofar gidana cikin shadda mai guga. Ashe duk Asabar ɗin da ya samu yana zuwa ya karɓi gatari, don hannun tsohon ya fara rawa. Ya gan mu. Ni ba fuskarsa nake kallo ba, idonsa nake jira ya sauka kan rigarsa. Bai sauka ba. Ya ajiye naman, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya juya ya ce, "Baba, ga kakar da nake ba ka labari." Da muryar da yake magana a falona, da ita ya faɗa. Sannan ya miƙa wa ƙanen mijina wuyan hannu, yadda mai aiki ke yi in tafinsa ya ɓaci.

Hannun ya tsaya a iska. Ƙanen mijina yana dubansa, mahauta na dubanmu. Yaron bai janye ba, bai kuma ɓoye shi a baya ba.

Na ce, "Alhaji, hannu ake ba ka."

Ya kama.

Sun matsa sai da muka shiga gida. Tsakar gida a share ƙal, uwar ba mai yawan magana ba, abin da nake so ke nan. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, nama kuwa ba a tambaya. Ƙanen mijina da ya ce shi a ƙoshe yake, shi ya ga ƙasan kwano.

Bayan azahar muka juyo, da ƙunshin kilishi da uban ya cusa wa direba. Muka yi ta tafiya har Jere. Can ƙanen mijina ya ce, "Tsohon nan dai ya iya amsa tambaya." Na ce, "Kai ma ka iya zaɓen wanda za ka tambaya." Muka shigo Suleja ana kiran magariba. Jikata na bakin ƙofa tana shara inda babu datti. Na wuce ta na shige ɗaki.

Abin da tafiyar nan ta ƙara mini shi ne, sunan gida a kunne ake jin sa, hali kuwa sai an je an tsaya an gani. Turawan nan sun san haka, shi ya sa suke bin mutum da ido har cikin ɗakinsa. Wanda bai ji kunyar ubansa a gabanmu ba, ba zai ji kunyar 'yarmu a gaban kowa ba.

Da gari ya waye na yafa mayafi na taka gidan ƙanen mijina, na ce ya aika Zariya su turo magabata. Da na dawo na kira jikata, na ce ta ɗauko mafi kaurin littattafan nan ta zauna a nan gabana, ta fara daga farko. Wannan karon kada ta tsallake mini ko mutum ɗaya.