Nyar Seme, Mai Ɗinka Mana Rigar Nono

Kafin kwale-kwalen masunta su gama dawowa gaɓa, Nyar Seme ta riga ta buɗe rumfarta a kasuwar Kendu Bay. Takan share ƙofa, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta rataya tef a wuya, sannan ta zauna da kofin kunu tana kallon tafki kamar mai jiran wani ya fito daga ruwa. Sunanta na baftisma Perpetua Adongo, amma kowa da sunan garin haihuwarta yake kiran ta: Nyar Seme, wato 'yar Seme. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana ɗinka wa matan garin nan rigar nono. Ƙarshen watan nan za ta rufe rumfar, ido ya gaji.

Ina shekara goma sha uku mahaifiyata ta kai ni wurinta, ina tafiya a duƙe, na rungume littattafai a ƙirji. Ta saki labule ta ce, "Miƙe, 'yata. Sato su kika yi da kike ta ɓoyo?" Da na haifi ɗan fari nono ya kumbura ya yi tauri, ita ta zo har gida da ruwan ɗumi ta gasa mini. Rabin matan garin nan suna da irin wannan labari. Ta san ƙirjinmu yana tsaye, ta san shi cike, ta san shi bayan 'ya'ya shida sun tsotse.

Shekara bakwai da suka wuce na je wurinta awon rigar da zan sa a bikin ƙanwata. Har yau ina ganin hasken da ke ratsowa ta hujin kwanon rufi, burbushin zare na yawo a cikinsa a hankali. Tana cikin zagayo da tef sai hannunta ya tsaya.

"Akeyo, yaushe wannan ƙullutun ya fito?"

"Ba komai ba ne, Mama. Maruru ne."

"Ni za ki ce wa maruru? Tun ba ki da komai a nan nake auna ki."

Na fashe da kuka. Wata biyar ina ɓoye shi, don na ga yadda mijin maƙwabciyata ya kwashe kayansa bayan an yi mata aikin cire nono.

Ta ce, "Yadinki yana hannuna. Almakashi ba zai taɓa shi ba sai likita ya gan ki."

Washegari ranar kasuwa ce, amma ta rufe rumfa muka hau mota zuwa asibitin Kisumu. Sankara ce. Aka cire na hagu.

Wata huɗu ban leƙa waje ba. Nakan yi mafarki yana nan, cike, ina shayar da jaririn da ban san fuskarsa ba, in farka hannuna a kan tabo. Wata rana da hantsi sai ga ta da kwando. Ta zazzage shi a kan gadona: nonuwa ne da ta saƙa da zaren auduga, masu laushi, ja da ruwan ƙwai da shuɗi.

"Zaɓi. Kar ki yi haɗama ki ɗauki wanda ya fi ɗan'uwansa girma, a ce kin karkace."

Mijina Ogalo yana tsakar gida yana gyaran raga. Ta ɗaga murya: "Kai kuma surukina, kifi ba zai gudu ba. Shigo ka ga matarka." Ya shigo yana sunkuyar da kai. Ran nan ya fara ganin tabon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kai ya ce, "Yana miki zafi?" Nyar Seme ta ɗauki kwandonta ta ja mana ƙofa.

Ke ce, Nyar Seme, tela mai ido a yatsa. Ke ce kika raka mata goma sha ɗaya zuwa asibiti ba tare da kowa ya aike ki ba. Ba dukansu suka dawo ba. Aoko mai sayar da ƙananan kifi ta makara, kuma ke kika riƙa yi mata wanka har ranar da ta cika. Mu da muka dawo muna zama a coci kafaɗa a miƙe, mu kalli juna mu yi murmushi, don mun san abin da ke ƙarƙashin riga.

Mun gode, Mama. Allah ya hutar da idonki, ya ƙara miki kwana.

Ta ce duk ranar Alhamis za ta zauna a gindin mangwaron gidanta ta koya wa mai so wannan saƙa. Ku zo da zarenku, mata. Wadda kuma ta taɓa ƙirjinta ta ji abin da ya ba ta tsoro, kar ta kai wata biyar kamar ni. Ta buga ƙofata, in ɗauki mayafi mu tafi tare.