Tabon Ruwan Rijiya

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen rani, shekarar da na cika tara. Baba yana kwance a zaure, zazzaɓi ya kayar da shi. Baƙar motar Alhaji tana ƙofar gidanmu, ta sha jar ƙasar hanyar Rijau tun daga taya har rufi. Baba direbansa ne. Alhajin babban ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora, kuma washegari zai kai surukansa Minna da motar. Da aikin nan muke ci, da shi kuma aka ce za a sa ni makaranta idan kaka ta yi.

Na sha ganin Baba yana wanke ta. Da sassafe yake yi, a gindin tsamiyar ƙofar gida, kafin rana ta taɓa ƙarfe. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, ba ya kumfa, yana barin fari a gindin buta. Da shi yake wankin farko, amma ɗauraya sai da ruwan saman da ya tara a duro tun damina, ya rufe da kwano ya ɗora dutse. Ko Inna ba ta taɓa duron nan. Daga nan ya bi motar da tsohon zane, ɓangare-ɓangare, ba ya barin ɗigo ɗaya ya bushe da kansa. Yakan ce, "Kada a bar wa rana aikin tsumma." Ina ji, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na so ya tashi ya tarar an gama. Da azahar na ja ruwa har tafina ya yi ja, na sheƙa wa motar a tsakiyar rana. Duron ban kusance shi ba, tunda an hana. Na koma gefe ina jiran yabo. Kafin in huta ta bushe, jikinta duk fararen ɗigo kamar zabuwa. Na ƙara ruwa, tabon ya ƙaru.

Abu ɗaya na iya: wankin tukunya. Na ɗebo toka da yashi da soso, na hau gaban motar na dirje da duk ƙarfina. Farin ya fita. Baƙin ma ya fita.

Baba ya fito yana dafa bango. Ya daɗe yana kallo.

"Hadiza, wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Baba."

"To. Je ki wanke hannunki."

Bai doke ni ba. Da ma ya doke ni. Da safe Alhaji ya zo, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Malam Isa, wa ya yi wannan?" Baba ya ce shi ne. Alhaji ya miƙa hannu, Baba ya sa masa makulli.

Labari ya zaga tasha, ba wanda ya sake ba shi mota. Muka koma ƙauyen kawuna, bayan Rijau, noman dawa. Hannun da ya saba da sitiyari ya kama fartanya damina uku, ta huɗu ba ta same shi ba. Ban ga cikin aji ba har yau.

Yanzu tuwo nake sayarwa kusa da masu wankin mota. Wata rana na ga ɗayansu ya matsa lemun tsami a ruwa, ya goge irin tabon nan, tabon ya fita nan take. Na tambaye shi. Ya ce, "Ai Iya, duk abu mai tsami yana cinye shi. Ko ruwan tsamiya."

Ranar da na wanke motar nan, Inna ta jiƙa tsamiya a ƙwarya, za ta dama wa Baba kunu. Sau shida na wuce ta da bokiti a kaina.

Yara yanzu sun san wannan a banza, suna yi suna hira. Ni sai da gashina ya yi fari. Har yau ba na shan kunun tsamiya.