Malama da Takardar Daji

Malama ake ce mata, har mijinta ma haka yake kiranta in da mutane a wurin. Shekara goma sha tara ke nan tana koyar da 'yan aji huɗu a makarantar da ke bakin daji, a ajin da tagarsa ɗaya ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse. A garin aka haife ta. Mahaifinta mai tsaga katako ne, zarto ya cinye masa yatsu biyu, kuma da gumin katakon nan ya yi mata karatu har ta iya harshen da ake rubuta takardun hukuma da shi. Tun daga nan duk baƙon da ya zo da magana, masu rigakafi ne ko masu haƙa rijiya, ita ake aika a kira ta yi tafinta. Ba a biyanta. Wani lokaci dai a bar mata biro ko hular rana.

Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali wanda bai iya musu ba. Wansa kuwa, da duk gidan ke kira Yaya Babba, shi ne shugaban kwamitin daji. Gida ɗaya suke, katanga ce kawai ta raba sassansu.

Shekara biyu mutanen wata ƙungiya suka yi suna zarya a garin. Sukan zo da igiyar awo su zagaya ƙugun bishiyoyi, su buga musu lamba, su nuna hotunan dajin da tauraron ɗan adam ya ɗauko daga sama. Malama ce ta riƙa warware wa mutane zancen: bishiya tana zuƙe gurɓatacciyar iskar da motoci da masana'antu ke fitarwa, in an sare ta an ƙone sai iskar ta koma sama, duniya ta ƙara zafi. Shi ya sa masu masana'antu can nesa za su biya a bar dajin a tsaye. Tsofaffi suka yi ta dariya, wai ashe za su ga ranar da za a biya mutum ladan naɗe hannu.

Ana gobe za a sa hannu, da yamma, Yaya Babba ya shigo sashensu da takardar yarjejeniyar, shafi goma sha huɗu, ya ce ta duba don kada bakinta ya riƙa sarƙewa a gaban baƙi. Tana tsaye ta karanta. Da ta kai shafi na goma sha ɗaya sai ta nemi wuri ta zauna, ta sake karanta shi har sau uku.

Shekara talatin yarjejeniyar za ta yi. A cikinsu ba mai cire ko da busasshen reshe daga dajin. Rabon kuɗin da za a yi wa gidaje kuwa na masu gonakin da ke jikin dajin ne kaɗai, waɗanda sunansu ke kan takardar fili. In kuma hoton sama ya nuna an sare wani yanki, kowa ya rasa na wannan shekarar.

Yaya Babba ya riga ya sani, an yi musu bayani a birni. Ya ce ta tuna rufin ɗakin haihuwa da ke zuba a kan mata suna naƙuda, ta tuna famfon da ya shekara a mace. An gaya masa in watan nan ya wuce ba a sa hannu ba, wata gunduma za a kai abin. A fara karɓa tukuna, sauran a gyara daga baya.

"Ba ƙarya na ce ki yi ba," in ji shi. "In an zo wurin ki dunƙule shi. Ki ce akwai sharuɗɗan kula da daji. Ai sharuɗɗan ne."

"Yaya, mata nawa ne a garin nan da itace suke ciyar da gida?"

Ya ce ba ita za ta koya masa yawan matan garinsu ba, ya kaɗe rigarsa ya fita. Mijinta yana kan keken ɗinki duk an yi maganar a kunnensa. Sai da ya gama kalmasa bakin wani wando sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ta dai san Yaya ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma shi ya saya masa keken nan.

Washegari da hantsi aka taru a ajinta. Manya suka matsu a bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebura, waɗanda ba su samu wuri ba suka cika tagogi. Wakiliyar ƙungiyar, wata doguwar mata mai tabarau, ta zauna kusa da Yaya Babba. An riga an buɗe tawadar dangwale a gabansu. A bakin ƙofa Gwaggo Mai Itace ta shimfiɗa ɗankwalinta ta zauna, tsohuwar da ta fi shekara arba'in tana ɗauko itace a ka har wuyanta ya nutse cikin kafaɗu.

Wakiliya tana karantawa, Malama tana fassarawa. Da aka ambaci famfo aka yi tafi, da aka ambaci asibiti wata ta rangaɗa guɗa. Shafi na tara ya wuce, na goma ya wuce. Wakiliya ta karanta na goma sha ɗaya da muryar da ta karanta sauran, ta tsaya tana jira. Yaya Babba yana ƙwanƙwasa biro a tebur, a hankali.

"Akwai sharuɗɗa," in ji Malama.

Biron ya tsaya. Yaya Babba ya gyaɗa kai, wakiliya har ta kama gefen shafin za ta juya. Malama ta kafa idonta a takardar hannunta, don ta san in ta dubi fuskar kowa ba za ta iya ba, ta ci gaba. Ta faɗi shekara talatin, ta faɗi itace, ta faɗi masu takardar fili, ta faɗi hoton sama. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Gwaggo Mai Itace ce ta fara magana, daga zaune.

"'Yar nan, har busasshe? Wanda iska ta kayar da kanta?"

Malama ta tambayi wakiliya, ta saurari amsa, ta juyo. "Ta ce har shi, Gwaggo. Wai shi ma yana cikin abin da suke aunawa."

Nan wuri ya kaure. Masu gonaki suna cewa a kawo tawada, mata suna miƙewa suna ɗaure zani. Yaya Babba ya tashi ya ɗaga hannu, ya ce jama'a su kwantar da hankali, matar ƙaninsa ce ba ta fahimci zancen ba, ta ƙara masa gishiri. Malama ta ɗaga takardar ta ce duk wanda ya iya karatu ya zo ya duba. Sai malamin asibitin garin ya kutso daga baya. Ya bi layukan da yatsa, ya sosa ƙeya, ya ce haka aka rubuta.

Wakiliya ta tambayi abin da ke faruwa, Malama ta gaya mata. Matar ta cire tabarau ta murza idanu, ta ce ita an shaida mata kowa ya san da wannan tun tuni, kuma ba za ta karɓi dangwalen kowa a haka ba. Ta rufe tawadar.

Kuɗin shekarar ya tafi wata gunduma, kamar yadda Yaya Babba ya faɗa. Aka toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin sassansu da kwano. Masu gonaki suka kwashe ɗinkinsu daga wurin mijinta, har wani ya karɓe yadinsa an riga an yanka. Damina ta zo, ɗakin haihuwa ya ci gaba da zuba, kuma duk matar da ta haihu a ƙarƙashin robar da ake tare yoyon sai an samu wanda ya kawo wa Malama labarin har gida. Wannan ya fi komai cin ranta. Ta rame, ta daina zuwa kasuwa sai dai ta yi aike.

Bayan wata bakwai ƙungiyar ta dawo da sabuwar takarda. An yarda a ɗebi busasshen itace kwana biyu a mako, an ware kashi ɗaya cikin uku na rabon ga masu cin abinci a dajin da ba su da fili, kuma mata huɗu za su shiga cikin masu awon bishiya. Ba a kira Malama ba, Yaya Babba ya ɗauko wani tafinta daga birni. Ta zauna a bencin ƙarshe da kwafin da malamin asibiti ya ba ta, tana bi da yatsa. Duk layin da mutumin ya juya sai kawuna su waiwayo su dube ta, har ya fara gumi. Bai tsallake komai ba. Aka sa hannu.

Rabon farko sai a shekara ta uku ya iso, bayan masu bincike sun zo sun sake auna bishiyoyi, kuma bai kai yadda aka yi ta zuzutawa ba. An dai rufe ɗakin haihuwa, famfo kuwa har yau a mace yake. Gwaggo Mai Itace ba ta gani ba, ta rasu saura wata biyu. 'Yarta ce ta karɓi kasonta ta sayi baro, yanzu da shi take turo itacen.

Malama da Yaya Babba suna gaisawa, iyakarta ke nan. Matan sassan biyu kuma, in za su ari gishiri ko wuta, sai sun zagaya ta ƙofar waje.