Bikon da Na Ɓata wa Taubashina

Taubashina ɗan kawuna ne, a Tsibiri aka haife shi, ni kuwa a Sabon Gari na tashi, cikin Maraɗi. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ce masa bawana, ya ce ni ne nasa, in kwashe masa takalmi a ƙofar masallaci, ya zuba mini barkono a fura. Manya na gani sai su yi dariya, don tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a shiga. Ni dai Allah ya yi mini baki, kuma ban taɓa ganin laifin bakin nan ba sai a kan wannan maganar.

Ya shiga soja, aka kai shi arewa lokacin da can ba lafiya. Ni kuma na zama mushe, wato malamin makaranta, ina koyarwa a firamare, daidai lokacin da jam'iyyu suka cika gari. Rabin shekara muna yajin aiki, sauran rabin muna fada, majalisarmu ta hira, muna shan shayi muna zagin masu kaki. Da aka sallame shi ya dawo Tsibiri, na tarye shi da tsiyar da na tanada. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Sannu, mushe." Bai rama ba. Na ɗauka girman kai ne na bariki, na ƙara masa wuta.

Shekara guda da dawowarsa ɗiyarsa ta rasu, yarinya ce da ba ta daɗe da fara tafiya ba. A zaman makoki kowa na yabon haƙurinsa. Matarsa kuwa ba haƙuri ta gani ba. Ta ga mutum ya dawo daga kushewa ya wanke hannu ya tambayi tuwo, washegari ya ɗauki hauya ya tafi gona. Ta jira kalma ɗaya daga bakinsa har aka yi sadakar arba'in, ba ta samu ba. Sai ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ubanta a Jiratawa.

Ni ya zo ya samu in raka shi biko. Ya ce dattawa sun je sau biyu an ce sai shi da kansa, shi kuwa bai iya magana ba. Na goya shi a moto da hantsi. Mun bar kwalta mun shiga cikin gonakin rani sai ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka zauna bakin wata hanyar ruwa.

"Kai kaɗai nika iya hwaɗa ma wanga zance," in ji shi, "don kai ba kunya tsakaninmu. Ni na ɗauki ɗiyar nan har kushewa. Na ji nauyinta ga hannu, amma nan ba komi." Ya dafa ƙirji. "Can arewa abokina da muka ci kwano guda, ni na naɗe shi cikin bargo. Aka ce a hau mota, na hau. Tun ran nan nike kamar ƙahwar da aka daɗe ana zaune bisanta. Kullum in na tashi gona sai na biya kushewarta in tsaya, ko kukan ya zo. Bai zo ba. In mun je ka hwaɗa musu haka, ni bakina ba ya iyawa."

 Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan magana ba, kuma ban san inda ake ajiye ta ba. Na tashi na kakkaɓe riga na ce, "Tashi mu tai, soja, kar rana ta yi."

Surukinsa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, da ƙannensa biyu da wani maƙwabci. Daga bayan zana ina jin motsi, na san matar ce take saurare. Aka gaisa, aka yi addu'a. Tsohon ya ce, "To, muna ji."

A nan ne na yi abin da na yi. Fuskokin nan huɗu sun yi mini nauyi, sai na gudu zuwa abin da na iya. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri da bawan nan nawa. Shi da bakinsa ya ce zuciyarsa ta kwanta kamar ƙafa, sai a samo ungozoma ta murza masa ita. Gwamnati ta karɓe bindigarta, ta haɗa da hawayensa ta kulle a magaza." Maƙwabcin ya tuntsire da dariya, ƙannen suka taya shi, har tsohon ya murmusa, don kowa ya san taubashi ba a kama shi da laifi. Na ji daɗin dariyar nan, wannan ma sai na faɗa. Na ci gaba da zuba, na ba da labarin barkono da fura. Zancen bargo da zancen kushewa kuwa ban taɓa su ba.

Da dariya ta lafa tsohon ya juya ga taubashina ya ce, "Kai mi ka ce?" Taubashina ya miƙe zaune, hannuwa bisa gwiwa, ido a bango. Ya ce, "Duk abin da kuka yanke daidai ne." Motsin bayan zana ya yi nisa. Muka dawo Maraɗi, a tasha ya sauka ya yi mini godiya. Sati bai cika ba matar ta aiko a ba ta takardarta, ya rubuta ya bayar.

Na gaya wa kaina ai da ma auren ya mutu, ni dai na yi ƙoƙarin sassauta zama. Da wannan na riƙa lallashin kaina har shekara biyu. Wata rana na gamu da tsohuwar matar tasa a kasuwa tana sayar da tumatir, ta yi wani auren, da goyo a bayanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Mushe, don Allah in tambaye ka. Ran nan da kuka zo, shi bai ce maka komi ba bisa hanya?"

Na gaya mata duka, tiryan-tiryan, yadda ya kamata in faɗa a zauren nan. Maganar ba ta fi minti biyu ba. Ta tsaya da kwano a hannu, wata mai saye na yi mata magana ba ta ji.

"Kullum yake zuwa?" ta ce.

Na ce kullum.

Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara goyonta. "Ni na aza ya manta inda aka sa ta. Da wanga ka hwaɗi, da na biyo ku ko da ƙasa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na bar wurin ban sayi komi ba. Taubashina yana nan Tsibiri, bai sake aure ba, yana noman geronsa. Nakan je, mu zauna a ƙofar gida mu yi zancen damina. Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa abin da ta ce, sai in tuna zai tambaye ni me ya hana ni faɗa tun ran nan. Har yau bai sani ba.